Kundin ƙidayar tsuntsayen ruwa a tafkin Sakumono, Tema: Satumba 2024 zuwa Janairu 2025

7 Satumba 2024, Asabar

An fara aiki. Abin da aka sa a gaba shi ne ƙidayar tsuntsayen tafkin Sakumono daga yanzu har tsakiyar Janairu, lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi kowace shekara tun 1967. Mu huɗu ne, duka daga Ashaiman.

Tafkin yana bakin teku tsakanin Nungua da Tema. Yana cikin dausayi biyar na gaɓar Gana da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya a 1992, tare da Keta, Songor, bakin kogin Densu da Muni-Pomadze na Winneba. Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ke kula da shi, kuma an sanar da su kafin a shiga. Abin da ya kamata mai ƙidaya ya fara sani shi ne tafkin ba a buɗe yake da teku ba. Titin bakin teku da layin dogo sun tare shi, ta kwalbati kaɗai ruwan gishiri ke shiga ya fita. Ta arewa kuma rafuka ke kawo ruwan sama da ruwan kwata na unguwanni. Saboda haka zurfin ruwan ciki bai cika bin cikar teku da janyewarta ba, ya fi bin ruwan sama da yawan yashin da ya toshe bakin kwalbatin.

An zaɓi matsaya huɗu, an ɗauki lambar GPS ta kowace a waya. Ta 1 a kan kwalbati, tana kallon arewa. Ta 2 a gefen yamma, wajen ƙauyen Sakumono. Ta 3 a gefen gabas, ɓangaren Tema. Ta 4 a kan rairayin bakin teku, don tsattsewar teku da 'yan taɓo (tsuntsayen da ke kiwo a taɓo da bakin ruwa) masu bin igiyar ruwa. Minti 40 a kowace matsaya, a fara da ƙarfe 6 na safe.

Kayan aiki: madubin hangen nesa 8x42 guda uku, babban madubi mai ƙafa uku 20–60x na aro, 'yar na'urar latsa ƙidaya guda biyu (sidi 45 kowace), takalman roba ƙafa huɗu (sidi 560), littafin gane tsuntsaye, fensir. Biro ba ya rubutu a takardar da raɓar teku ta jiƙa. Tsuntsun da ba shi da sunan Hausa an rubuta shi da sunansa na kimiyya.

14 Satumba

An kafa ma'aunin ruwa: bututun PVC mai inci 2, tsawon mita 2, an yi masa zanen jan fenti duk santimita 10, an buga rabin mita cikin taɓo gaban matsaya ta 2, inda babban madubi zai iya karanta shi ba sai an shiga ruwa ba. Bututu da fenti sidi 95. Karatun farko 78.

Ba ado ba ne wannan bututun. Tsawon ƙafar tsuntsu shi ke yanke masa inda zai ci abinci. Ƙaramin ɗan taɓo, Calidris minuta, wanda bai wuce santimita 14 ba, sai a jiƙaƙƙen taɓo ko ruwan da bai kai yatsa biyu ba. Lanƙwasa-baki, Calidris ferruginea, yana shiga har ruwa ya taɓa masa ciki. Tringa nebularia mai koren ƙafa ya fi su shiga. Dogon-ƙafa, Himantopus, yana yawo inda sauran duk ba sa kaiwa. In aka rubuta "tsuntsaye sun ragu" ba a rubuta zurfin ruwan ranar ba, ba a faɗi komai ba.

21 Satumba

Cikakkiyar ƙidaya ta farko. Ma'auni 81, babu taɓo a fili sai siririn baki. A cikin tafki: dogon-ƙafa kimanin 140, kirinjijiya 60, balbela da ƙananan fararen zalɓe barkatai, baƙin zalɓen gaɓa mai farin maƙogwaro 9, zakaran ƙeƙuwa ko'ina yana tona mana asiri da kuka. 'Yan taɓo baƙi ba su kai 50 ba.

Wanda ya saba da fadamar Haɗeja da Nguru zai zo yana neman dubban agwagin Turai. Nan ba gidansu ba ne. Arzikin gaɓar Gana 'yan taɓo ne da tsattsewar teku, waɗanda ke bin hanyar gabashin Atlantika daga Girinlan, Siberiya da arewacin Turai.

An koma matsaya ta 4 da la'asar sakaliya, domin tsattsewar teku da rana tana can kan ruwa tana bin ƙananan kifi da jiragen masunta, sai dab da magariba take taruwa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na ƙasan teku ke tasowa a wannan gaɓa, sadin ya yawaita, shi ya sa wannan ne lokacinsu. An samu wajen 900. Mafi yawa Chlidonias niger ne, wadda a wannan lokaci ta zubar da baƙin gashinta, ana gane ta da ɗan baƙin tabo a gefen ƙirji. 'Yar'uwarta leucopterus ba ta da shi. Mai baƙin baki da rawaya a tsini ita ce sandvicensis. Babba mai baki ruwan lemo ta Afirka ta Yamma ce. Wahalar tana tsakanin Sterna hirundo da Sterna dougallii: ta biyun ta fi fari, bakinta ya fi siriri da baƙi, ba ta da duhun kafaɗa irin na ta farkon. Haske na raguwa ba a iya rantsuwa a kansu, don haka aka buɗe layi a takarda na "hirundo ko dougallii". Gara layin da ba a tantance ba da sunan da aka cusa.

28 Satumba

Ruwan sama tun asuba. Ma'auni 90. An karanta, an dawo.

12 Oktoba

Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, wadda ke faɗowa Asabar ta biyu a Mayu da ta Oktoba. An kawo yara 18 na wata makarantar Islamiyya da malamansu biyu. Mota sidi 350, ruwa da burodi sidi 120. An tsaya da su a kan kwalbati kaɗai, an sauke ƙafafun babban madubi daidai tsayinsu.

An ba su labarin dougallii. Mafi yawan na Turai a wani ɗan tsibiri suke ƙyanƙyasa, Rockabill, kusa da Dublin a Ayalan, su zo su yi hunturu a nan. A da yara a garuruwan masunta suna kama su da tarkon zare da ɗan kifi a kan yashi. Wannan ne ya sa aka kafa shirin ceton tsuntsayen bakin teku na Gana a 1985, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi wa aiki, kuma daga ƙidayar wancan shirin aka samu hujjar sa waɗannan tafkuna cikin Ramsar.

Lissafin yau ba zai shiga jerin kwatance ba. Mutum 24 a kan kwalbati sun kori duk abin da ke cikin mita 150.

19 Oktoba

Ma'auni 66. Taɓo ya fara fitowa ta gabas, tsuntsaye sun biyo shi.

Matsala ta fito fili yau. Ana tsakiyar ƙidaya a matsaya ta 2, an kai lanƙwasa-baki 310, sai shahon fadama, Circus aeruginosus, ya ratso ƙasa-ƙasa ta kan kacala. Garken duka ya tashi, ya yi kewaye biyu, ya sauka ta gabas. Da aka isa matsaya ta 3 bayan minti 50, aka ƙirga 420. In an haɗa, 730 ke nan, alhali yawancinsu tsuntsayen ɗazu ne. Tsarin zagayawa matsaya bayan matsaya ba zai yi a tafki ƙarami irin wannan ba, inda garke ke tsallaka shi cikin minti ɗaya.

Gyara: daga yau a kasu biyu, mutum biyu yamma, biyu gabas, a fara lokaci guda, waya a buɗe. An ja iyaka da ido daga bakin kwalbati zuwa wani dogon turken lantarki a arewa. Abin da ke hagu na 'yan yamma ne. In garke ya tashi, kowa ya rubuta lokaci da inda ya nufa, a soke lissafin wannan nau'in, a jira minti 10, a sake daga farko. An ɗauki 420 a matsayin adadin yau.

Yadda ake ƙirga babban garke, don sababbin hannu: a ƙirga goma ɗaya-ɗaya, a riƙe girman wurin da suka cika a ido, a riƙa aza wannan girman a kan sauran garken, latsa ɗaya goma. Garken da ya haura dubu a yi da hamsin-hamsin. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai, kada wani ya furta nasa sai an gama. In bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100 a maimaita. Kusan kullum ido yana rage garken da ya cunkushe, yana kuma ƙara wanda ya bazu.

Sabon tsarin yana bukatar babban madubi na biyu. Babu shi. 'Yan gabas za su riƙe wanda ake da shi tunda nisan ya fi yawa a can.

26 Oktoba

Bututun ma'auni ya ɓace. Ramin yana nan, babu alamar ruwa ne ya ja shi. Bututun PVC abin amfani ne, an kuma kafa shi inda kowa ke gani.

Babbar asarar ba sidi 95 ba ce, sifilin ma'aunin ne. In aka kafa sabo ba a san daidai inda tsohon ya tsaya ba, karatun baya ba zai haɗu da na gaba ba. Abin da ya cece mu hoton ranar 14 ga Satumba ne, wanda ya nuna ruwa a jikin bangon kwalbati daidai wani tsagi na siminti lokacin da bututu ke karanta 78. An ɗauki wannan tsagin a matsayin 78. Yanzu awo daga saman bangon ake yi: a sauke tef mai ɗaure da ƙaramin dutse har ya taɓa ruwa, a karanta, a juya lissafi. Kuskuren ba zai wuce santimita 3 ba. Bango ba ya tafiya. Illarsa ɗaya, ruwan bakin kwalbati yana ɗan motsi da cikar teku, don haka dole a rubuta lokacin awo, a kuma duba jadawalin teku na tashar Tema. Cikar tana jinkirta kusan minti 50 kowace rana.

Karatun yau 58.

2 Nuwamba

Ma'auni 47. Rana mafi kyau zuwa yanzu. Lanƙwasa-baki kimanin 1,100, ƙaramin ɗan taɓo 380, mai sarƙa (Charadrius hiaticula) 260, Tringa nebularia 85, Tringa erythropus 40, Pluvialis squatarola 22, dogon-ƙafa 300. Tsakanin 66 da 47 taɓon da ya buɗe ya ninka fiye da sau uku, domin ƙasan tafkin shimfiɗe yake, ɗan ja da baya kaɗan na ruwa sai fili ya bayyana.

A makon nan IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sabunta jerinta na nau'ukan da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta ɗaga nau'i 16 na 'yan taɓo zuwa matakin da ya fi haɗari. Biyu daga cikinsu suna gabanmu yau: lanƙwasa-baki da squatarola duk sun koma rukunin masu rauni. Lanƙwasa-baki a tundurar Siberiya, fili mai sanyi mara bishiya, yake ƙwai. An ƙara layi a takarda don raba 'ya'yan bana da manya, tunda yawan 'ya'ya shi ke nuna yadda ƙyanƙyasar shekarar ta kasance. Ɗan bana gashin bayansa yana da fararen gefuna a jere, tsaf-tsaf, ƙirjinsa da ɗan ruwan ƙasa. Babba toka-toka ne bai ɗaya, wani da ragowar jan gashi a ciki. Nan da 'yan makonni bambancin zai dushe. Daga 200 da aka duba da kyau, 31 'yan bana ne.

Alamun da ke aiki in tsuntsu ya tashi: lanƙwasa-baki farin gindin wutsiya; squatarola baƙar hammata; nebularia farin tsini da ya hau har tsakiyar baya, da kuka uku a jere.

An daɗe ana kallon baƙin zalɓe, Egretta ardesiaca, guda shida a ruwa mara zurfi. Yakan yi taku uku, ya watsa fikafikai gaba su haɗu a kan kansa kamar lema, ya tsaya daƙiƙa biyu ko uku da baki a cikin inuwar, ya cafke ɗan karfasa, ya naɗe, ya ƙara gaba. Ba baƙo ba ne, amma ya shiga lissafi.

16 Nuwamba

Babban madubi ya kamu da fumfuna a cikin gilashin gaba, zare-zare farare daga gefe suna shigowa tsakiya. A 20x ba a lura, a 60x hoto ya yi dishi-dishi, zoben ƙafar tsuntsu ba ya karantuwa. Dalili: ana mayar da shi cikin jakar yadi da danshin teku a jikinsa, jakar ta kwana a rufe. Mai gyaran kyamara a Accra ya buɗe ya wanke, sidi 400, ya ce in ta ci rufin gilashin babu magani.

Ƙa'ida daga yau: a goge jiki da tsumma mai ɗan ruwan famfo don cire gishiri, a bar shi a buɗe awa biyu, a ajiye a robar abinci mai murfi da ƙunshin silika mai shanye danshi. Silika rabin kilo sidi 70. In ta canja launi a gasa ta a tukunya da wuta kaɗan. Kusoshin ƙafafun sun fara tsatsa, an shafa basilin.

Ƙidayar yau da ƙananan madubai kaɗai aka yi. An rubuta "ƙananan 'yan taɓo, ba a raba ba, 1,400". Ma'auni 44.

23 Nuwamba

Matsaya ta 3 ta tafi. Cikin mako biyu an zuba jar ƙasa tifa-tifa a kan ciyawar gishirin da muke tsayawa, an ja katangar bulo mai tsayin mutum. Lambar GPS ɗinmu yanzu tana cikin filin wani. Wannan a cikin iyakar Ramsar ne, inda hukuma ta yi rusau a 2022. An ɗauki hoto da lamba, an miƙa wa ma'aikatan wurin.

Wani makiyayi da ke kiwo a gefen ya ce, "Malam, bara war haka nan ruwa ne har gwiwa, shanuna ba sa bi." Ya nuna inda tsohuwar hanyar ruwan take, yanzu ƙarƙashin cikon.

Ciko ba filin da ya rufe kaɗai yake ci ba. Ruwan sama na farko zai wanke jar ƙasar zuwa cikin tafki, ta kwanta a kan baƙin taɓon da tsutsotsi da ƙananan dodon-koɗi suke ciki, waɗanda su ne abincin. Kuma ambaliyar da wannan fili ke shanyewa sai ta nemi wani wuri, gidajen da ke kusa ke nan.

An kafa matsaya ta 3b mita 220 kudu. Daga nan ba a ganin lungun arewa maso gabas, wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da tsohuwar ke gani. Duk lissafin gabas daga yau da alamar tauraro zai fita, kada wani ya kwatanta shi da na baya kai tsaye.

30 Nuwamba

Ma'auni 41. A matsaya ta 4, cikin Calidris alba 70 masu tsere da igiyar ruwa, an ga ɗaya da zobba masu launi da 'yar tuta a ƙafa. Ana karantawa daga ƙafar hagu ta tsuntsun, ba hagun mai kallo ba, sama zuwa ƙasa, sannan dama, a kuma rubuta ko tutar tana sama da gwiwa ko ƙasa. An ɗauki minti 25 kafin ya fito daga kumfa ƙafafun su bayyana duka. Rawaya da fari suna rikicewa in zobe ya tsufa, don haka sai da mutum biyu suka karanta daban, aka kuma ɗora waya a kan idon madubi aka ɗauki hoto. An tura wa masu shirin sa zoben. Masu bincike daga Holan sun daɗe suna sa wa wannan nau'in zobe a Girinlan da kuma Esiama a yammacin Gana, amsarsu ce za ta nuna na ina ne.

7 Disamba

Zaɓen ƙasa. Ba a fita ba.

14 Disamba

Hunturu ya sauka. Hazo ya rage gani zuwa abin da bai kai mita 400 ba da safe, ƙarfe 9 kuma kawalwalniya ta tashi a kan taɓo. A irin wannan yanayi ƙara girman madubi ƙara lalacewa ne, 30x ya fi 60x. An mayar da farawa ƙarfe 6:15, a gama kafin 8:30.

An samu aron ma'aunin gishiri na hannu. A daidaita shi a sifili da tataccen ruwa, a ɗiga biyu, a rufe, a duba ta haske. Ruwan teku 35 ne cikin dubu. Bakin kwalbati 27, gaban matsaya ta 2 kuwa 11, bakin rafin arewa 2. Ma'auni 36. Lanƙwasa-baki ya sauka zuwa 600*; wasu sun wuce kudu, taɓon gefe kuma ya bushe ya tsage, baki ba ya shigarsa.

28 Disamba

Ma'auni 33. Masu shaƙatawar Kirsimeti sun cika bakin teku, matsaya ta 4 babu komai. Cikin tafki kamar na 14 ga wata.

11 Janairu 2025

An yi awon kacala. An buga turaku biyar na katako a bakinta ta arewa maso yamma, tazarar mita 20, an ɗauki lambar kowane, an binne su har saura taƙi ɗaya don kada su bi bututu. Kacalar nan ita ce dai wadda ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru. Ba ta jure gishiri mai yawa, tana son ruwan daɗi mai taki, abin da rafukan arewa ke kawowa ke nan dare da rana daga kwatocin gari. Awon gishirin watan jiya ya nuna dalilin da ya sa take gangarowa kudu: ruwan teku ba ya isa can. Inda ta kafu, taɓon ya fita daga hannun 'yan taɓo ko da ma'auni ya nuna zurfin da ya dace.

Yashi ya cinye fiye da rabin bakin kwalbati ta gefen teku, da tarin ledar fiya wata a kai.

18 Janairu

Ƙidayar tsakiyar Janairu. An samu aron babban madubi na biyu, an fara 6:15 gefe biyu lokaci guda, hazo da sauƙi. Ma'auni 29. Lanƙwasa-baki 540*, ƙaramin ɗan taɓo 450*, mai sarƙa 310*, nebularia 70, erythropus 55, Tringa glareola 90 a bakin rafi inda ruwan daɗi yake, squatarola 18, Numenius phaeopus 7, dogon-ƙafa 380, kirinjijiya 25, zalɓe iri-iri 210, alba 60 a bakin teku, tsattsewar teku da yamma 240. Jimilla ta ɗan haura 2,400. Ma'aunin Ramsar na yawan tsuntsaye 20,000 ne a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na al'ummar nau'i guda. Kwana ɗaya daga matsaya huɗu, ɗaya ma gurguwa, ba zai yanke wa tafkin hukunci ba, amma tazarar tana da faɗi. An shigar da lissafin a eBird, shafin intanet na tattara bayanan tsuntsaye, an ba ma'aikatan wurin kwafin takarda.

Abin da jerin ya nuna zuwa yanzu: ƙananan 'yan taɓo sun fi yawa tsakanin 40 da 50 a ma'auninmu. Sama da 65 wurin tsayawa kaɗan ne ko babu, ƙasa da 35 gefe ya bushe.

Kuɗin da aka kashe, ban da motar kowa: sidi 1,745, har da turaku na sidi 60.

Mataki na gaba: a ci gaba duk mako biyu har ƙarshen Afrilu don a kama komawarsu arewa, lokacin da lanƙwasa-baki ke yin ja. A auna turakun kacala ranar 1 ga Maris da kuma bayan ruwan Yuni. A nemi izinin hawa wani bene a gabas don dawo da lungun da 3b ba ta gani. A riƙa awon gishiri a wurare ukun nan kowace fita, da hoton bakin kwalbati daga wuri guda. Ana neman babban madubi na hannu, ko da 20–45x ne, da ma'aunin gishiri namu na kanmu, tunda na aron zai koma ƙarshen wata.